Tsinin Ganyen Darbejiya

Ina aji bakwai a makarantar firamare a Kurfi, saura wata guda mu yi jarrabawar shiga sakandare, sai Malam Lawal ya tsayar da ni bayan an tashi. Shi ke koya mana Turanci, kuma ni ya fi sa wa rai. Muka zauna a gindin darbejiya, ya tsinko ganye ɗaya ya ɗaga.

"Ka ga yadda ya faro da faɗi, ya yi ta tsukewa har ya ƙare da tsini? Turawa na ce wa wannan siffa akyuminet, su ma daga Latin suka aro. Riƙe kalmar, za ka tarar da ita a sakandare a Katsina. Nuna min tsinin."

Na miƙa yatsa, na taɓa iska. Na sake miƙawa, na taɓa hannun rigarsa. Tun da na yi ƙyanda idona ke dusashewa, na ɓoye wa kowa. Abin da ke kan allo da kunne nake haddace shi.

Malam ya sauke ganyen. Can ya kama yatsana, ya bi da shi gefen ganyen a hankali har tsinin ya ɗan soke ni.

"Tun yaushe?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun damina, Malam."

"Ka ce wa babanka ina son ganinsa gobe."

Ban zauna jarrabawar ba. Kafin wata daminar ganin ya tafi duka. Yau jikokina kan tambaye ni kamannin marigayiya kakarsu, matar da muka shekara arba'in tare, sai in ce su je su tambayi maƙwabta.