Ɗigon Jan Farce

Ɗigon jan farcen da ke kan sukurun ba nasa ba ne. Nasa ja ne wur, wannan kuwa ya ɗan yi duhu.

Mai Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara ashirin yana haɗa filta, ƴan na'urori kamar tafin hannu da makaɗa ke jerawa cikin akwatin kiɗan lantarki don su tace sauti, su rage masa kaifi. Kowace da kunnensa yake saita ta: ya murɗa wani ɗan sukuru har muryar ta kwanta, sannan ya ɗiga masa jan farce kada ya motsa.

Ya duba guda goma sha biyun da ke kan tebur. Duk an taɓa.

Zuciyarsa ta tafi kan ƙanin matarsa, wanda ya buɗe irin wannan sana'a a bayan layi. Dama kwanan nan gidan ya canza masa. Matar ta koyi shigowa ba motsi, sai dai ya ɗago ya gan ta a kansa. Ita da ƙanin nata kullum ƙasa-ƙasa suke magana. Hatta butar da ta sayo ba ta yin fito irin na usur in ta tafasa, kayan yanzu ke nan. Biri fa ya yi kama da mutum. Sunan da ya gina shi suke so su rusa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da rana ya ce zai je sayen wayar lantarki. Ya buga ƙofa da ƙarfi, ya zagayo ya laɓe bayan labulen ɗakin aikin.

Ba a jima ba sai ga ta, kyanwar gidan na biye. Ta jona filtar da ya saita da safe a akwatin kiɗa, ta saurara, ta yamutsa fuska, ta ɗauki sukudireba ta murɗa. Ta zaro kwalbar jan farce daga aljihu.

"Na kama ki!" Ya fito daga bayan labulen. "Nawa ƙanin naki ya ba ki?"

"Maigida, don Allah bar maganar nan."

"Mayar da sukurun inda na bar shi! Mu ji wanda ya iya."

Ta ajiye kwalbar. Sannan ta mayar, ta danna maɓalli.

Kyanwar ta yi tsalle ta fice ta taga. Maƙwabciyarsu ta leƙo, ta rufe tata tagar da sauri. Matar ta toshe kunnuwa da yatsu, hawaye na bin kumatunta.

"Me kike jira?" ya ce. "Kunna mana!"

Ta nuna masa ƴar fitilar na'urar, tana ci jawur, da allurar awon ƙara da ta kai maƙura. Siririyar ƙarar da ta cika ɗakin, shi kunnensa bai kama ta ba.

Shekara uku ke nan kunnen da makaɗa ke yabo nata ne.