Ranar da Alƙalin Wasa Ya Gani

Alƙalin da ke cikin wasan bidiyon ya jefa ƙyallensa rawaya, alamar na yi laifi. Sai hannuna ya tsaya cak.

Kowane hunturu a Ohio, ƙwallon Amurka muke bugawa ni da mijina a talabijin ɗin falo. Ɗan wasana yakan damƙe rigar ɗan wasansa, alƙali ya kau da kai, mijina kuwa ya miƙe yana faɗa: "Wannan makaho ne? Ke kuma dariya kike yi, 'yar maguɗi."

Bayan rasuwarsa aka gyara wasan, shi ya sa yau alƙali ya ga laifina.

Na kira ƙanwarsa. "Yanzu suna hukunta riƙon riga."

"Ashe Yaya ya yi nasara," in ji ta.

Na sake damƙar rigar da gangan. Alƙali ya busa usur bisa doka, falon ya koma shiru.