Yatsu Huɗu a Cikin Riga

Keken ɗinkin Innarmu ya yi shiru. Tun da ta rasu babu mai taka shi da hantsi, babu mai kira a zo a zura mata zare a allura. Abin da ta bar mana kwalla ce cike da takardun siminti da aka yanka surar riguna tun tana amarya, ga na wuya, ga na hannu, ga na jiki, duk sun yi laushi kamar tsumma. Ranar da Zulai, matar ƙanena, ta ce ko a ba mai ƙosai ta riƙa ƙunshi da su, ban yi faɗa ba. Zaunar da ita na yi na ba ta misalin da Inna takan bayar, ga shi kuma yadda na riƙe shi.

Wata mata ce mai ɗinki a cikin gida, irin waɗannan takardu ta gada wurin uwarta. In za ta yanka riga sai ta shimfiɗa yadi a tabarma, ta ɗora takarda, ta danne da dutse, ta bi gefenta da guntun sabulu. Takardun nan kuwa da rarar yatsu huɗu aka yanka su a kowane gefe, ita kuma ba ta taɓa datsewa ba, kalmashe rarar take yi ta ɗinke a ciki. Da autarta ta tashi aure, uwar ta ɗauki atamfa ɗaya cikin lefe ta ɗinka mata haka, da hannu mai faɗi irin na da. Auta ta juya rigar ta ga yadi jibge a ciki, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wannan ai riga biyu ce a cikin ɗaya, ga hannu kamar fiffiken jemage, wa zai saka yayin kakanni ya shiga cikin ƙawaye? Uwar ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi jikin mace ba tulu ba ne, balle a ce yadda aka gasa shi haka zai zauna. Auta ta cusa rigar a ƙasan akwati, ta kwashi sauran atamfofin ta kai wa telan kasuwa, ta tsaya a kansa ta ce ya ɗame su sosai, ya datse duk wata rara. Ya yi mata yadda ta ce.

Shekara ta zagayo, Auta ta dawo gida da akwatinta haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya. Ga wankan jego, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama, jiki ya ce bismilla. Mijinta ya aiko da kayan fitar suna, aka kai wa telan nan, shi kuwa awon amarci ne a hannunsa, da shi ya yanka. Safiyar suna gida ya cika, tukwane na kan murhu, dangin miji na hanya, mai jego ta zura kai a sabuwar riga. Rigar ta iso kafaɗa ta tsaya cak. Hannuwa a sama, ƙawa ɗaya na ja ta gaba, ɗaya na ja ta baya, da ƙyar aka zare ta. Aka juya cikinta ko za a buɗa, babu rarar da ta kai farce. Aka gwada na amarci ɗaya bayan ɗaya, duk kanwar ja ce. Auta ta zauna bakin gado da ɗaurin ƙirji, idanu sun kawo ruwa, ta ce ita kam ba za ta fita gaban surukai ba, a ce musu ba ta da lafiya.

Uwar ta tura hannu ƙasan akwati ta zaro fiffiken jemage. Ta sa reza ta warware gefe da gefe, ta hau keke, kafin a tsame shinkafa ta gama. Riga ta shiga sumul kamar yau aka auna. Da mai jego ta fito tsakar gida, ƙanwar mijinta ta kama hannun rigar tana jujjuyawa, tana tambayar wane tela ne, don irin wannan hannu ake yayi yanzu a birni. Auta ta nuna uwarta da baki. Da baƙi suka lafa ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Inna, duka kika buɗe?"

"Yatsu biyu na buɗe. Biyun na nan, na haihuwa ta biyu ne."

To ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Zulai ta buɗe kwallar. Takardar jiki ta ɗauko ta kara a cikinta, don ita ma ta yi nauyi, ta ga da saura, ta yi murmushi ta mayar da murfin kwalla. Mai ƙosai dai ta nemi takarda a wani gida.

Ku taya ni da amin. Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata kabarinta kamar yadda ta yalwata wa mutane riguna.