Ranar da Aka Kawo Kujeru

Ranar da aka kawo kujerun, ni kaɗai na zauna.

Sabuwar doka ta ce a ba duk ma'aikacin kanti wurin zama. Na karanta wa dattijuwar da muke kira Inna, wadda ta shekara goma sha tara a tsaye tana sallamar masu sayayya, har ƙafafunta suka daina shiga takalmi.

"Inna, zauna mana. Haƙƙinki ne."

"Ke dai 'yar boko! Tashi kafin manaja ya leƙo. Ni marayu huɗu nake ciyarwa."

Ya kuwa leƙo. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na dube shi ido cikin ido. Ƙarshen wata aka rage ma'aikata, kuma ni kaɗai ragin ya shafa.

Wata bakwai ke nan ina yawo da takarduna, ban yi nadama ba.

Jiya na bi ta ƙofar kantin. Ta gilashi na hango Inna ta sunkuya da ƙyar tana goge ƙurar kujerarta. Ta gama, ta daidaita ta, ta koma ta tsaya.