Mai Rufe Baya

Neville ya riƙe ƙyauren gonar da hannu ɗaya, kekensa da ɗayan, yana jiran matar nan ta ƙaraso. Tana can gindin tudu tana taka feda a hankali, kamar mai tsoron kada ta ji wa tsakuwar ciwo.

Ƙungiyarsu ta 'yan keke tana da doka guda da ba a taɓawa: mai rufe baya ba ya wuce na ƙarshe. Shi ke jiran wanda ya gaji, shi ke mayar da sakatar kowane ƙyaure don kada tumakin mutane su bazu. Neville ke rufe baya tun gashinsa na baƙi, kuma bai taɓa barin kowa a hanya ba. Yau sauran sun yi gaba, ko bayansu ba ya hangowa. Aka bar shi da wannan baƙuwa, wata dattijuwa mai jar riga da ya tarar tana jira a ƙofar gidansa da safe.

Damuwar ita ce Ros. Matarsa tana jiransa a shagon shayin Glenda da ke ƙauyen Aldercote, kuma ta faɗa masa ba da wasa ba: in ya sake shanya ta saboda keke, tashi za ta yi, kuma ba gida za ta nufa ba. Ya kasa tuna ko jiya ta faɗa ko shekaranjiya. Ya dai san ta faɗa.

Ya kamata a ce hankalinsa ya tashi. Ya laluba cikinsa, bai sami komai ba. Kwanakin nan komai daga nesa yake zuwar masa, kamar hira a ɗakin maƙwabta.

"Yi haƙuri, tudun nan ya fi ƙarfina," in ji matar da ta iso. Ko haki ba ta yi.

"Ba komai, baiwar Allah. Ba a barin kowa."

Ya tura ƙyauren, sakatar ta ƙi shiga. Ya sake turawa.

"Ɗan ɗaga shi sama tukuna," ta ce.

Ya ɗaga, ta shiga. Baƙin yanzu, a ransa ya ce, ranar farko har sun fara koya wa mutum aikinsa.

Suka bi burjin da ya ratsa tsakanin shingaye, alkama a dama, makiyaya a hagu. Suka gangara kwari, suka tsallake wani ɗan rafi. Taɓon bakin rafin sumul yake, babu sawun taya ko ɗaya. Neville ya ce lalle yaran ƙungiyar nan ta gada suka zagaya, ragwaye. Yana nuna mata ramuka da yatsa kamar yadda aka saba, ita kuwa tana kauce musu tun kafin ya nuna.

A saman tudu na gaba hasumiyar cocin Aldercote ta bayyana, ƙararrawa tana kaɗawa. An tashi daga coci ke nan. Ros ba ta son zama ita kaɗai in shago ya cika.

Nan hanya ta rabu biyu. Burjin ya yi hagu, ya zagaye daji. Hannun dama kuwa babban titi ne, manyan motoci na wucewa da gudu, amma kai tsaye yake shiga ƙauyen. Ƙafafunsa suka yanke hukunci kafin kansa. Ya miƙe kan feda, ya karkata dama.

"Malam! Sarƙar kekena ta zame."

Ya ja birki. Ya sa ƙafa a ƙasa dab da kwalta, iskar wata babbar mota ta bugi fuskarsa. Ya dubi hasumiyar. In ya tafi yanzu zai iya samun Ros. In ya koma, shi ke nan.

Ya juya keken.

Tana tsaye gefen shinge, yatsunta baƙi ƙirin da mai. Ya durƙusa ya mayar da sarƙar, hannuwansa na aikin ba tare da sun tambaye shi ba. Tsohon keke ne, amma ya sha kulawa. Har naɗin da ke kan mariƙinsa irin nasa ne, daga ƙasa zuwa sama.

"Wanda ya haɗa miki keken nan ya san aikinsa."

"Ya sani."

"Maigidanki?"

"Shi ne."

"Ya kuma bar ki ki fito ke kaɗai?"

"Yana nan kusa," ta ce, ta hau ta bi hagu. Dole ya bi bayanta.

Da suka isa shagon, teburin bakin taga, inda Ros ta saba zama, ba kowa. Neville ya tsaya yana kallon kujerar. To, ta tafi ke nan. Ya jira zafin abin ya zo, bai zo ba. Ya zauna kawai.

Matar ta kwance masa igiyar hular kwano, ta ajiye hular a gefe. Aka kawo masa shayi da madara, ba sukari, da kek ɗin lemo, alhali bai tuna ya ce a kawo ba. Ya riƙe kofin, idonsa na kan ƙofa, ko Allah zai sa ta dawo.

Glenda ta zo tana goge teburin. Ta dubi yatsun matar, ta miƙa mata tsumma, sannan ta rage murya.

"Yau ma sarƙar kika cire?"

"Ita ce, Glenda."

"Sannu, Ros. Kina ƙoƙari."

"To ya zan yi? In ban tsaya a baya ba, babban titi zai hau ya tafi nemana."