Takardar Baban 'Yan Biyu

Tana zazzage aljihun mijinta za ta yi wanki, sai takardar asibiti ta faɗo. Gwajin haihuwa ne, da sunansa a kai. Ashe shirun da yake yi kwanan nan, kansa yake zargi.

Ya dawo ɗaukar makullin shago, ya ga takardar a hannunta, ya kau da kai.

"Ban so ki gani ba. Umma ce ta dame ni da maganar yi wa 'yan biyu ƙani. Na ce ko matsalar daga gare ni take."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Baban 'yan biyu, lafiyarka ƙalau. Ni ce. Da na warke bayan haihuwarsu na je aka sa min robar mahaifa ta hana ɗaukar ciki, mai jan ƙarfe, tunda ƙwayoyi jiri suke sa ni. Jinin da na zubar wajen haihuwa ya tsorata ni, na kasa faɗa maka."

Ya daɗe yana kallon bokitin wankin.

"Ni na tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ana neman jini. Kin ɗauka ban tsorata ba?" Ya karɓi takardar ya ninke. "Bar robar a jikinki. Abin da ya yi min ciwo, ke kaɗai kika je."