Gwangwanayen Kabet ɗin Dela

Dela ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba a unguwar Jambutu, amma tun ranar da ta leƙa ɗakin maƙwabciyarta Henriette hankalinta bai sake kwanciya ba. Henriette matar ma'aikacin gidan waya ce, 'yan kudu ne da aiki ya kawo su garin Garwa a zamanin Ahijo. Abin da ya tsone wa Dela ido gwangwanaye ne, na kifi da madara da tumatir, an jera su reras.

"Sai ka ce kanti," in ji Dela a ranta. "Ita kaɗai ce mai baki a unguwar nan?"

Daga nan ta shiga tara nata. Duk gwangwanin da ta samu da araha a kasuwa, ko ya lotse ko ya yi tsatsa, sai ta saya. Ba don ci ba fa! Ta ture kwanukan jerenta gefe ta cika kabet da su, kullum tana goge su don matan unguwa su gani. Damina ta zo ta wuce, zafin Garwa ya gasa su son ransa, suna nan.

Ana haka 'yarta Luba ta dawo gida goyon ciki, cikin fari, ya tsufa. Henriette ta shigo gaishe ta. Idonta ya faɗa kan kabet, ta ɗauki gwangwanin kifi ɗaya ta juya gindinsa.

"Maman Luba, wannan buwat, gwangwanin nan, ya lalace. Ga ranar daina ci an buga a nan, ta wuce tuntuni. Dubi ma yadda ya kumbura. Don Allah a zubar."

Dela ta fizge abinta. "Cika ce ta sa ya kumbura, Madam. Abin da ke rufe ruf, me zai shige shi? Mu nan ba ma zubar da abinci, alhaki ne."

Henriette na fita, Dela ta dubi Luba ta tafa hannu. "Kin ji baƙin ciki ko? Ta ga na kamo ta!" Haka mai hassada yake, gani yake kowa irin ciwonsa ke damunsa.

Don ta huce haushi, a ranar ta fasa gwangwanin. Ya yi fus, wani wari ya taso. Ta soya da albasa da barkono har warin ya ɓuya, ta tura wa Luba.

"Inna, kamar da ɗan tsami."

"Haka na Turawa yake. Ci, 'yar nan. Abin da 'ya'yan Madam ke ci, jikana ma zai ci tun yana ciki."

Luba ba ta iya musu da uwa. Ta cinye.

Kafin la'asar amai da gudawa suka sarƙe ta, ta galabaita, aka kwashe ta sai asibiti. Da kyar aka ceto ranta. Jaririn kuwa, namiji, bai zo da rai ba.

Likita ya tambayi Dela abin da 'yarta ta ci. Luba ce ta amsa, fuskarta na kallon bango: "Abin da Inna ta ba ni."

Jama'a, ranar da aka buga a jikin gwangwani ba ado ba ce. In ta wuce, ko gwangwani ya kumbura, a zubar. A sayi abin da za a ci, ba na nuna wa maƙwabta ba. Wanda kuma ya gargaɗe ka, saurare shi, ko da kana jin haushinsa.